Na iso a makare da awa huɗu, kuma zan sake hawa jirgin ƙasa

Tafiyar da aka rubuta a tikitina ta awa 19 ce, amma sai da muka shafe awa 23 kafin jirgin ya shiga tashar ƙarshe. Na fara da wannan ne domin kada mai karatu ya ɗauka cewa yabon da zai biyo baya na wanda bai ɗanɗana jinkirin ba ne. Na ɗanɗana shi sarai, har wanda ya zo tarbata ya gaji da jira ya koma gida.

Tsayuwa mafi tsawo ta same mu ne da hantsi, a wani fili da babu gida ko bishiyar kirki. Jirgin ya rage gudu, ya ratse zuwa wani gajeren layi da ke gefen babban dogo, ya tsaya cak. Mun fi minti arba'in a wurin kafin wani jirgin dakon kaya ya taho daga gaba, taragunsa suna wucewa ta jikin tagata ɗaya bayan ɗaya har na gaji da ƙirga. Wani ma'aikacin tarago ya yi mini bayani daga baya, cewa inda dogo ɗaya ne tilo, dole jirgi ɗaya ya kauce wa ɗaya, kuma idan jirgin kaya ya fi layin ratsen tsawo, to na fasinja ne zai shiga ya jira, ko da shi ya fi sauri. Da zarar jirgi ya rasa gurbin da aka ware masa a jadawali, sai ya koma bin bayan wasu, jinkiri ya riƙa haifar jinkiri. Da rana ta take kuma sai aka rage mana gudu da gangan, saboda ƙarfen dogo yana miƙewa idan ya ɗau zafi, kuma yana iya lanƙwasa a ƙarƙashin jirgin da ke sheƙa gudu. Abin dariya a nan shi ne jirgin ƙasa ne ya koya wa duniya daidaita agogo, domin kamfanonin jiragen Amurka ne suka raba ƙasarsu zuwa shiyyoyin lokaci a 1883 don jadawalinsu ya daina cin karo.

Abin da ya sa ban ji haushi ba shi ne jikina bai shiga kurkuku ba. A mota, jinkiri yana nufin gwiwa a takure da wuya a sanƙare, a jirgin sama kuma yana nufin zaman tasha da zuba wa allo ido. A nan kuwa na miƙe, na taka daga tarago zuwa tarago, na wanke fuska, na dawo na kwantar da kujerata na buɗe littafin da ya yi wata shida yana jirana. Kujerar tana da faɗi, akwai wurin miƙe ƙafa, kuma wurin cajin waya yana aiki, ko da yake sabis yakan ɗauke na tsawon lokaci, abin da ban yi baƙin ciki da shi ba ko kaɗan.

Dare shi ne ya fi burge ni. Da aka rage hasken fitilu, hira ta mutu, sai ƙarar ƙafafun jirgin a kan dogo da ɗan lilon da ke sa barci ko mutum bai shirya ba. Na farka da asuba na tarar da tsohuwar da ke kujerar gefena ta jingina goshinta da gilashi tana kallon hazo yana tashi daga wani kogi da muke tsallakawa a hankali, kuma babu wanda ya ce uffan a cikinmu har gadar ta ƙare.

Akwai abubuwan da ba zan yafe ba. Lasifikar taragonmu ba ta ce komai ba a duk tsayuwar nan, alhali jimla biyu za su wadatar da mutane su san ko su sanar da masu jiransu. Ban ɗaki ya fara tafiyar da tsabta, amma kafin yamma ruwa ya ƙare a ɗaya daga ciki, kuma na'urar sanyaya iska ta yi yawa da dare, don haka duk wanda zai hau ya riƙe mayafi mai kauri.

Wanda ke da jarrabawa ko ganin likita a ranar isowa, ko zai canza jirgi da tazarar awa ɗaya, kada ya dogara da irin wannan tafiya. Ni dai na riga na sayi tikitin komawa, na zaɓi kujerar taga ta ɗaya ɓangaren domin in ga abin da ya wuce ni a zuwa, kuma na gaya wa mai tarbata kada ya baro gida sai na kira shi.