Na kai Chopper ɗina gyara a Fagge: fenti ya yi, giyar keken ce ta kusa raba mu

Wata uku ke nan da na karɓo kekena daga wajen dattijon nan mai gyaran tsofaffin kekuna a Fagge, kuma tun ranar abokai masu irin wannan ƙulafuci ke tambayata ko su kai nasu. Ga abin da ya faru tsakanina da shi.

Keken Raleigh Chopper ne, samfuri na biyu, wanda aka fara fitarwa a 1972. A Ƙofar Ruwa na tsince shi wajen 'yan gwangwan, an jingine shi cikin tarin ƙarafa yana jiran sikeli. Tsatsa ta ci madigadin, tayoyin sun ruɓe, amma tambarin zalɓen nan na Raleigh yana nan a goshinsa, a jikin hob ɗin baya kuma, wato cibiyar tayar da giya ke ciki, an buga 74, shekarar da kamfanin Sturmey-Archer ya ƙera shi. Ban yi wani dogon ciniki ba. Muna yara a unguwarmu gida ɗaya ne ke da Chopper, mu kuwa keken haya muka sani, Rali dogo wanda ƙafarmu ba ta kai feda sai mun zura ta ƙarƙashin sandar. Idan yaron gidan ya fito da nasa, ƙaramar taya inci 16 a gaba, ƙatuwa inci 20 a baya, dogon sirdi mai majingina, sai mu bi shi a guje har bakin titi. Sau biyu kacal ya taɓa ba ni ɗani, kuma sau biyun ba abin da hannuna ya fara nema sai giyar nan da ke tsakanin cinyoyi kamar ta mota.

Baban ya san aikinsa, wannan ba na musu. Ya ce min tun zamanin da kamfanin Raleigh ke haɗa kekuna a nan Kano yake riƙe da sifana, kuma hannunsa ya nuna hakan. Bai shafa fenti a kan tsatsa ba kamar yadda wasu ke yi. Sai da ya kankare firam ɗin tas har ƙarfe ya fito fari, sannan aka fesa ja mai kyau. Tambarin zalɓen ya rufe shi kafin feshi, ya fito ba ɗigo ko ɗaya. Ya sake ɗaura sifok, ya daidaita tayoyin har ba sa gilmawa ko kaɗan. Ranar da na je karɓa, tun daga nesa na hango shi yana sheƙi, wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Ina matsowa sai na ga wurin giya fayau. Babu hannun giyar, babu murfinta mai lamba 1, 2, 3. A maimakonta an ɗaura wata 'yar roba baƙa a jikin kan keken, inda ake riƙewa, irin ta kekunan gwanjo na yanzu.

Na ce, “Baba, ina giyar da na kawo shi da ita?”

Ya ce, “Ai Alhaji wayarta ta tsinke, ita kanta ta cije. Na sa maka ta zamani, ta fi sauƙi, ba sai ka saki kan keke ba.”

Na ce, “Baba, ai saboda ita na sayi keken.”

Kallona kawai ya yi. A wajensa keke abin hawa ne, in yana tafiya magana ta ƙare. Na san maganarsa ba ta rasa tushe, domin su Raleigh ɗin ma da suka dawo da Chopper a 2004 jikin kan keken suka mayar da giyar saboda gudun haɗari. To amma ni ba na 2004 na kawo masa ba. Duk wannan salon, tun daga Sting-Ray da kamfanin Schwinn ya fitar a Amurka a 1963 har Chopper da aka ƙera a Nottingham ta Ingila don ya yi gogayya da shi, an yi shi ne don yaro ya ji kamar babur ko motar tsere yake tuƙawa. In ka cire giyar tsakiya, me ya rage? Kuma lambata na hannunsa. Kira ɗaya ya isa ya tambaye ni kafin ya kwance.

Haka na tura keken gida raina a ɓace. Washegari da asuba na ce bari in gwada shi a layinmu. Wanda ya san hob ɗin Sturmey-Archer mai giya uku ya san akwai wani gurbi tsakanin ta biyu da ta uku inda feda ke juyawa a banza, ba ta jan taya. Hannun giyar asali an yi shi ne daidai yadda zai tsallake wannan gurbin. Robar da Baba ya sa ba a auna ta da wannan hob ɗin ba. Na miƙe tsaye zan taka da ƙarfi, sai feda ta zuƙe, gwiwata ta daki ƙarfe, na tafi gefe har cikin kwata. Sati guda ina sallah a zaune. Sabon fentin ma ya ƙwarzane a jikin cokali, ƙarfen da ke riƙe tayar gaba. A ranar da wani ya tambaye ni, cewa zan yi kada ya kuskura ya kai masa ko keken yara.

Da na koma na nuna masa gwiwar, a nan ne ya ba ni mamaki. Bai yi gardama ba, bai ce laifin hawana ba ne. Ya ce, “Subhanallahi, sannu. Ni na jawo maka.” Ya kira yaron shagonsa ya tambaye shi inda aka jefa tsohuwar giyar. Ashe tana cikin buhun tarkacen da suke tarawa masu gwangwan, saura ƙiris ta koma inda na tsamo keken. Ya zazzage buhun a gabana har ta faɗo. Kwana biyu ya jiƙa ta a kananzir, ya warware ta, ya samo waya ya yanka daidai tsawonta. Sai da na zauna na ga yadda ya saita: ya sa a giya ta biyu, ya riƙa murza 'yar sarƙar da ke fitowa daga gindin tayar baya yana leƙa ramin noti har sandar ciki ta yi daidai da bakin ƙarfen da tayar ke juyawa a kai. Ya shafe ƙwarzanen cokalin. Ko sisi bai karɓa ba, na yi na yi ya ƙi. Yanzu giyar na shiga ƙwas, ƙwas, ƙwas, irin ƙarar da na riƙe a kunnena fiye da shekara 40.

Da a nan aka tsaya da na ce kowa ya kai masa ido rufe. Sai dai duk sanda zan hau sai na ga sirdin, abin ya dawo min sabo. Ya kai wa mai ɗinkin sirdin babur, an yi ɗinki mai kyau, ba laifi. Amma farin maɗaurin nan da ke bayan sirdin, wanda aka rubuta gargaɗi da Turanci cewa ba a yi keken don goyo ba, an yanke an yar. Nawa ya zo da shi, ya dafe amma ana karanta rubutun. A kan irin wannan rubutun yaran unguwarmu ke zama su biyu, wani lokaci su uku, ba wanda ya damu da abin da yake cewa. Wannan kam buhun bai dawo da shi ba, mun duba har sau biyu. Ana sayar da kwaikwayonsa a intanet, kun san kuɗin da ake kira kafin ya iso, kuma ko ya iso ba shi ba ne.

Masu tambaya, ku kai masa, domin ban ga mai hannunsa a kan hob da sifok ba. Amma ku ɗauki hoton keken ta kowane gefe kafin ku bar shi, ku ce masa ko noti ya cire ya ajiye muku a leda, kuma sirdi ku kwance shi ku bar shi a gida. Ni yanzu tayoyi masu jan layi nake jira, wani ƙanena zai taho min da su daga Ingila bayan Sallah, kuma wajen Baban zan kai a sa, amma ina zaune a kan benci har ya gama.