Gashin wutsiyar barewa ko marabu: wanne za ka fara ɗaura wa jig?

Malam, ka ce ka tanadi kawunan jig (wato ƙugiya mai kan dalma da ake ɗaura wa gashi don yaudarar kifi) da zare da maƙalin riƙe ƙugiya, kana kamun kifi a tafki, wani lokaci kuma a kogi, kana neman sanin wanne za ka fara ɗaurawa: gashin wutsiyar barewa ko gashin nan mai laushi da ake kira marabu. Na daɗe ina ɗaura su biyun, kuma kowanne yana da gurbi a akwatina. Abin da ya raba su shi ne inda motsinsu yake fitowa. Gashin barewa sai an motsa shi yake rayuwa, ko da hannunka ko da gudun ruwa. Marabu kuwa ko ka ajiye shi cik, shi ba ya tsayawa.

Gashin barewar da ake sayarwa na wutsiyar wata barewa ce ta Arewacin Amurka mai farin ƙarƙashin wutsiya. Ana busar da wutsiyar ɗungurum, a bar wata da launinta, a rina wata. Sabon shiga yakan ɗauka duk gashin wutsiya ɗaya ne, alhali ba haka ba ne. Na gindi, wajen da ya haɗu da jikin dabbar, kauri gare shi kuma cikinsa akwai iska, don haka da ka matse shi da zare sai ya baje kamar tsintsiya. Na tsakiya zuwa tsini ya fi siranta, ya fi santsi, yana kwanciya a jikin ƙugiya yadda ake so. Idan ƙaramin kifi siriri kake son kwaikwaya, daga can sama za ka yanka. Na gindin ma kada ka zubar, yana da rana: idan kana son jig ya riƙa nutsewa a hankali, ka sirka kaɗan daga cikinsa.

Shi kuma marabu ya samo sunansa daga tsuntsun nan babba-da-jaka, domin daga jikinsa ake cirowa a da. Yanzu kusan duk wanda za ka samu na talo-talon gida ne, gashin nan mai laushi kamar auduga, aka rina shi launi-launi. A bushe za ka gan shi ya cika hannu. Da ya jiƙe ka ɗago shi daga ruwa sai ya koma siriri kamar wutsiyar ɓera, kuma wannan kan sa mutum ya yi zaton ya yi asara. Mayar da shi cikin ruwa ka duba: kowane sili zai buɗe, yana numfashi da kansa.

A wajen ɗauri, marabu ya fi sauƙin kai nesa ba kusa ba. Ka ɗan jiƙa yatsunka ka shafe shi don ya daina tashi, ka auna tsawon da kake so, ka ɗora a wuyan jig, ka naɗa zare. Yana lotsewa ƙarƙashin zare, ba ya zamewa, wuyan kuma ba ya kumbura. Kurakurai biyu kawai nake yawan gani. Na farko, barin ƙashin tsakiyar gashin a cikin wutsiya. Wannan ƙashin yana sandarar da ita, sai ka cire tsininsa ko ka tsige silin daga gefe ka haɗa. Na biyu, datse wutsiya da almakashi idan ta yi tsawo. Kada ka yi haka. Ka kama ƙarshen da yatsu ka tsinke, domin yankan almakashi yana barin baki a miƙe, babu wani abu mai rai a ruwa da wutsiyarsa take haka.

Gashin barewa kuwa yana neman haƙuri, kuma a nan nake son ka ɗan tsaya. Santsi gare shi, ba ya lotsewa sosai, shi ya sa idan ka ɗora dami guda mai kauri, zaren na waje kawai yake kamawa, na tsakiya yana nan sako-sako. Kifi biyu uku, sai ka ga gashi yana zarewa. Hakan ya taɓa faruwa da ni a ranar da kifi yake ci sosai, jig ɗina mafi kyau ya koma ƙugiya tsirara kafin rana ta yi tsaka, kuma tun daga nan na sauya hannu. Yanzu ga yadda nake yi. Nakan fara shimfiɗa zare a wuyan jig, in ɗiga ɗan gam, don gashi ya sami abin kamawa. Sai in yanko ɗan kaɗan dab da fata, in riƙe tsinin, in karkaɗe gajerun da ke gindi. In ɗora, in yi naɗi biyu sakwa-sakwa, a na uku in ja da ƙarfi. Haka zan yi sau biyu ko uku har in zagaye wuyan. Gindin gashin da ya rage nakan yanke shi a karkace, in sa gam ya ratsa cikinsa, sannan in rufe da zare in ƙulle. Zare ma ya bambanta: mai lamba 210 a ma'aunin kaurin zare da ake kira diniya shi ke jure jan da gashin barewa ke buƙata, marabu kuwa 140 ya wadatar.

Ka tuna jig yana iyo ne da tsinin ƙugiya a sama. A maƙali yawanci tsinin yana kallon ƙasa, wato abin da kake gani a sama shi ne cikin kifin. Idan launi biyu za ka sa, mai duhu ya tafi ɓangaren tsinin ƙugiya, fari ya zauna ɗaya ɓangaren, kamar yadda bayan ƙaramin kifi yake da duhu, cikinsa fari.

Yawan gashi ma a juye yake tsakaninsu. Na barewa, rabin abin da idonka ya ce ya isa shi ne daidai. Jig mai gashi kaɗan, wanda haske ke ratsawa, ya fi kama da kifi, ya fi saurin kai wa ƙasa, kuma silin suna samun sararin motsi. Wanda aka cika masa gashi yana tafiya a ruwa kamar burushi. Marabu kuma, tun da yana tsukewa idan ana jansa, yana ɗaukar ɗan ƙari ba tare da ya lalace ba.

To, a cikin ruwa fa? A kogi mai gudu, gashin barewa nake ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Taurinsa yana riƙe siffar jiki ko ruwa na turo shi, kuma duk fizgar da ka yi sai ya tsuke ya sake buɗewa. Marabu a irin wannan ruwa yana manne wa ƙugiya ya zama zare guda, duk abin da ya sa ake sonsa ya tafi. Ga kuma batun haƙori: kifi mai kaifin baki irin su payik yana yagalgala marabu nan da nan, gashin barewa kuwa yana shan cizo ya ci gaba da aiki. Ba banza ba sojojin ruwan Amurka suka sa jig ɗin gashin barewa cikin kayan ceton rai a Yaƙin Duniya na Biyu. Abu ne da ba ya ruɓewa, ba ya buƙatar koto, kuma kusan duk kifi mai farautar 'yan'uwansa yana kai masa cafka.

A tafki mai kwanciya labari ya sauya, musamman idan ruwa ya yi sanyi. Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki, don haka idan ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10 na Salsiyos, narkewar abincinsa tana raguwa, ba ya son bin abu da gudu. Yakan matso, ya tsaya, ya ƙura ido. A wannan lokacin jig ɗin barewa da ke tsaye wuri ɗaya bai da abin nunawa. Marabu kuwa ɗan kaɗawar ruwa ko rawar hannunka ta ishe shi. Masu kamun kifin bas mai ƙaramin baki a gabashin jihar Tenesi da tafkin Dale Hollow na ƙasar Amurka sun gina dabara guda a kan wannan: su rataye ɗan jig mai gashi mai laushi kamar mita 3 ƙarƙashin abin shawagi a tsakiyar hunturu, su bar ƙananan raƙuman ruwa su yi musu aikin. Su sun fi amfani da gashin roba mai taushi da na agwagwa, amma hikimar ɗaya ce. Haka nan ruwa mai haske garau, inda kifi ke da lokacin bincike, marabu baƙi ko ruwan ƙasa ya sha fitar da ni kunya.

Nauyin kai yana bin wannan rabon. Marabu ya fi dacewa da ƙananan kawuna: 1/32 na oza, wato kusan giram 1, da 1/16 mai kusan giram 2, zuwa 1/8 mai giram 3 da rabi. Gashin barewa daga 1/8 yake fara kyau, ya haura 1/4 mai giram 7, har 1/2 mai giram 14. A kan kai ƙarami sosai taurinsa yana rinjayar nauyin dalma, jig ya ƙi nutsewa daidai. A kan kai babba kuma marabu yana faɗuwa da sauri har ba ya samun damar buɗewa.

Akwai aibin marabu da ba zan ɓoye maka ba. Idan wutsiya ta yi tsawo tana naɗewa a lanƙwasar ƙugiya lokacin jifa, ka yi ta ja ba ka san jig ya lalace ba, kuma kifi yakan ciji wutsiyar ya bar ƙugiya. Nakan tsayar da ita a kan tsawon ƙugiya ɗaya, ko ɗaya da rabi. Sannan idan ka rufe shi a akwati da danshi, yana cukurkuɗewa, ƙugiya ta yi tsatsa, wani rinin ma ya zuba a kan farin da ke kusa. Ka shanya su duka kafin ka adana, wutsiyoyin barewa kuma ka sa su cikin leda mai rufewa saboda asu.

Gashin zomo da ake yankowa da fatarsa yana tsakaninsu: motsinsa ya kusa na marabu, ƙarkonsa ya fi, sai dai fatar tana shan ruwa ta yi nauyi. Ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

Tun da wuraren biyu kake zuwa, ga abin da zan yi da ni ne. Zan fara da marabu baƙi a kan 1/16, in ɗaura guda goma don hannu ya saba da zare da ƙulli, in tafi da su tafki. Daga nan in sayi farar wutsiyar barewa guda, wadda za ta ba ni jig masu yawa, in ɗaura a kan 1/4 saboda kogi. Idan kuwa dole sai ɗaya, kuma kogin ka fi zuwa, ɗauki na barewa ka jure wahalar koyonsa. Kowanne ka gama, kafin ka ɗaura na biyu, ka cika bokiti ko wani mazubi mai haske da ruwa, ka ɗaura masa igiyar fatsa, ka sake shi ka ga yadda yake nutsewa, ka tsayar da shi, ka ɗan fizga. Idan na barewa ya sauka a karkace, gashin ya taru gefe guda ne. Warware ka sake rabawa.