Tsohuwar Hiace ta ƙi tashi: wane abin gwaji za ka fara saya?

An gama lodi, fasinja sun zauna, ka murɗa makulli, sai ka ji "ƙas" sau ɗaya, shiru. Kafin ka sauko, mutum biyar sun faɗi ciwon motar. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce kik ne (na'urar da ke juya injin a tayar da shi), yaron mota ya rantse mai ne bai hau ba. Na taɓa bin irin wannan shawara na sayi sabon batir, aka ɗora, mota ta yi kunnen uwar shegu da ni. Daga baya mai gyaran wayar mota ya kwance kan batir, ya kankare farin gishirin da ya taru a ciki, ya ɗaure, ta tashi da tsohon batirin. Tun daga ranar na fara tara 'yan kayan gwaji, kuma ba duka ne suka biya kuɗinsu ba.

Maganata a kan irin Hiace ɗin da Toyota ta ƙera daga 1989 zuwa 2004 ce, masu injin dizal 2L, 3L da 5L, da masu fetur 1RZ da 2RZ, waɗanda har yanzu suke jigila tsakanin garuruwanmu. Amma yawancin bayanin zai yi wa mai Urvan ko L300 amfani.

Kunnenka ne abin gwaji na farko, shi kuma kyauta ne. Ƙin tashi iri biyu ne. Ko dai injin ba ya juyawa sam, ko yana juyawa da ƙyar kamar mai jin barci, wannan matsalar wuta ce: batir, waya ko kik. Ko kuma yana juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, to a nan sai a nemi mai, ko tartsatsin filogi a motar fetur, ko hita a ta dizal, wato filogin da ke ɗumama cikin injin kafin ya tashi. Wanda bai raba waɗannan biyu ba, duk na'urar da ya saya ado ce.

Idan abu ɗaya kawai aljihunka zai ɗauka, sayi mitar awon wuta, wadda masu gyaran rediyo da waya suke aiki da ita. Da ita za ka san gaskiyar batir cikin minti ɗaya. Batir mai lafiya da ya kwana bai yi aiki ba yana nuna kusan bolt 12.6. In ka ga 12.2, cajinsa ya kai rabi. Ƙasa da 12, ya sauka. Sai dai wannan awo shi kaɗai yana yaudara, domin mataccen batir yakan nuna lamba mai kyau alhali ba shi da ƙarfin ɗaukar kaya. Don haka ka bar mitar a jikinsa, wani ya murɗa makulli. In lambar ta faɗi ƙasa da 9.6, batirin ya gaza, ko kuma kik ɗin yana jan wuta fiye da ƙima. In kuwa lambar ta tsaya daram kik bai motsa ba, to wutar ba ta isa inda aka aike ta ba, kada ka ɓata kuɗi a kan batir.

A nan ne mitar take nuna bajintarta. Ɗora ɗaya daga cikin bakunan wayoyinta biyu a kan dalmar batir, ɗayan a kan ƙarfen da ya riƙe ta, a murɗa makulli. Lamba kusa da sifiri ake so. Haka za ka yi tsakanin batir da jikin injin don gwada wayar da ke komawa bodi, wadda takan ruɓe a tsofaffin motoci, kuma ba wanda yake tuna ta. Asarar da ta haura rabin bolt a kan waya ɗaya ta isa ta hana dizal tashi. Bayan mota ta tashi, sake aunawa: tsakanin 13.8 da 14.5 na nufin altaneta tana caji. In ta tsaya a 12 da ɗoriya, gobe ma turawa za a yi.

Wajen saye, ka nemi wadda take da fiyus a ciki da wayoyi masu laushi, da kuma ƙarar da take yi idan waya ba ta tsinke ba. Kada ka gwada auna wutar da kik yake ja da ita. Iyakar ƙananan mitoci amfiya 10 ne, kik ɗin dizal kuwa ɗaruruwa yake sha.

Fitilar gwaji, wato ƙwai ɗaya da waya da tsinke, ta fi mita araha nesa ba kusa ba, har kana iya haɗa taka. Ta fi sauri wajen bin fiyus ɗaya bayan ɗaya, da duba ko wuta tana zuwa ƙaramar wayar kik, ko bawul ɗin da ke buɗe mai a jikin famfon dizal. Wannan bawul in bai samu wuta ba, injin zai yi ta juyawa har batir ya mutu. Aibinta, ba ta bambanta bolt 12 da 10, kuma ba a tsikarar wayoyin kwamfutar mota da ita.

Sai na'urar karanta kwamfuta, wadda matasan direbobi suka fi kwaɗayi. Ƙananan nan masu suna ELM327 da ake haɗawa da wayar salula ba su da tsada, kuma suna aiki a motar da ta dace. Matsalar ita ce tsarin da suke karantawa, OBD-II, ya zama dole ne a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur, 2004 ga na dizal. Hiace mai kafireta ko mai famfon dizal na ƙarfe ba ta da kwamfutar da za a tambaya. Leƙa ƙarƙashin sitiyari ka ga ko akwai soket mai ramuka 16. Ko da akwai, roƙi mai kaya a jona a motarka kafin ka biya, domin wasu da aka ƙera don kasuwar Japan ba sa amsawa. Tsofaffin Toyota masu injekta ma suna da hanyarsu: a haɗa ramukan da ake kira TE1 da E1 a akwatin gwajin motar da guntuwar waya, fitilar injin ta dinga ƙiftawa tana ƙirga lambar matsalar. Ga mai sabuwar samfurin da aka fara a 2004, wadda muke kira Hummer, na'urar tana da amfani. Ga tsohuwa, ni ban ga dalili ba.

Wayar jan wuta daga wata mota da ƙaramin batirin tayarwa na aljihu ba su gano ciwo, fitar da kai daga daji kawai suke yi. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za ka ga wayoyi masu kaurin roba da siririyar ciki, wasu ma alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe. Ɗaga ka ji nauyi, ka leƙa bakin wayar. Marar nauyi zafi za ta ɗauka, dizal ko gezau. Batirin aljihu kuma ka duba ko an rubuta yana tayar da dizal mai lita uku, sannan kada ka bar shi a gaban gilashi cikin zafin Afrilu.

Mai dizal ya ƙara da abu ɗaya. In da sanyin hunturu kawai take gardama, tana fitar da farin hayaƙi, hita ake zargi. Cire ƙarfen da ya haɗa hitocin, ka auna kowace da mita: mai rai tana nuna kusan om ɗaya, matacciya ba ta nuna komai. In ba haka ba, danna ɗan famfon hannu da ke kan filtar mai. Ya yi laushi ya ƙi tauri, iska ta shiga layin, kuma wannan sifana da haƙuri yake so.

Ranar da ka je sayen mitar, tafi da motar ko da batirin rediyo sabo a aljihu. A kan batirin rediyon ya kamata ta nuna kusan bolt 1.6. Haɗa bakunan biyu ka ji ta yi ƙara, ka lanƙwasa wayoyin ka ga ko lambar tana rawa. In tana rawa, ajiye ta a ba ka wata.