Gargaɗi ga ƴan uwa masu aikin sikiyoriti a Amurka: ku kula da mai sayar da tocilar bindiga ta jabu

Salam ƴan uwa, musamman ku da kuke aikin gadi da bindiga a nan Texas irina. Akwai wani mutum da yake yawo a guruf-guruf na WhatsApp yana tallar tocila mai leza ta ɗaurawa a ƙasan fistol, yana cewa wai Streamlight TLR-2 ce sabuwa dal a kwali, wai shagon ɗan uwansa ne aka rufe shi ya sa yake karyar da kaya. Dala 90 ya ce min. Abin da a shago sai ka ajiye wajen dala 300. Ni kuma da kwaɗayin araha ya ja ni ban tsaya dogon tunani ba na tura masa ta Zelle, hanyar tura kuɗi daga banki zuwa banki, don ya ce shi ba ya karɓar PayPal.

Kaya ya iso bayan kwana shida, kwali fes, tambari fes, wallahi a ido ba ka cewa komai. Na cire magazin, na duba ɗakin harsashi babu komai, sannan na zo ɗaurawa a Glock 17 ɗina. Nan na fara jin wani iri. Duk wanda ya taɓa riƙe ta gaske ya san tana zuwa da wasu ƴan ƙananan makullai da ake canzawa, akwai mai rubutun GL na layin Glock (layi shi ne wajen da ake ɗaura tocila a ƙasan bindiga), akwai mai 1913 na layin Picatinny, kuma ɗan makullin nan shi ne yake faɗawa cikin tsagin da ke ƙasan bindigar ya hana tocilar zamewa gaba idan bindiga ta yi tokari. To tawa guda ɗaya tal aka saka, babu ko rubutu a jikinsa, kuma ya yi wa tsagin kaɗan, ina turawa da babban yatsa ina jin tana ƙwas ƙwas gaba da baya. Na sa kwabo na ƙara murɗa notin gefen, sai kawai na ji ya saki yana juyawa a banza, zaren notin ya cinye, ƙarfen kamar gwangwanin madara.

Duk da haka taurin kai ya sa na tafi da ita filin harbi ranar Asabar, na ce bari dai in gani da idona. Na saita ɗigon lezar a yadi 10, harbi biyar na farko lafiya lau. Kafin in gama magazin ɗin farko ɗigon ya gudu ya koma can gefen hagu na takardar, kusan tafin hannu guda daga inda harsashi yake sauka. Ana cikin na biyu tocilar ta fara ƙiftawa tana mutuwa tana dawowa, sai ji na yi fass, ta fice gaba ɗaya ta faɗi gaban layin da masu harbi ke tsayawa. Sai da mai kula da filin ya tsayar da kowa kafin a ɗauko min ita, kunya kamar in nutse. Wani dattijo da ke kusa da ni ya karɓa ya jujjuya, ya buɗe wajen batir, ya ce ɗana wannan ai ta bindigar wasa ce. Batiran CR123A guda biyun ma da ke ciki ba su da sunan kowane kamfani.

Abin da ya fi tsaya min a rai, da a wajen aiki ne fa? Ƙarfe biyu na dare kana zagaye a fakin ɗin motoci, ka dogara da ɗigon da yake nuna maka wani waje daban. Leza mai ƙarya gara babu ita sam, don za ta sa ka sami wanda ba ka nufa ba.

Na koma masa da hoto da bidiyo, ya ce wai ni ne ban iya ɗaurawa ba, in sa Loctite, wani gam da ake shafa wa noti. Jama'a shuɗin Loctite yana hana noti mai lafiya kwancewa ne, ba ya dawo da zaren da ya riga ya cinye. Washegari ya yi bulokin ɗina. Na kira banki suka ce tunda ni na tura da hannuna babu abin da za su iya, dama Zelle kamar miƙa tsabar kuɗi ne, ba shi da kariyar mai saye.

Yanzu na ji ya canza lamba ya koma tallar wata tocilar, SureFire X300, da wannan labarin na shagon ɗan uwansa, har yana haɗawa da kube kyauta. In ya shigo guruf ɗinku ku ce ya turo hoton lambar siriyal da makullan duka, ku kira kamfanin ku tambaya, Streamlight suna Pennsylvania, SureFire suna Kalifoniya, kuma kowannensu yana da jerin dilolin da ya amince da su a shafinsa. Wanda kuma ya riga ya saya, don Allah ya cire ta daga bindigar aiki yau ɗin nan. Tawa tana nan cikin kwalinta, na kai rahoto wajen ƴan sanda da hotunan hirarmu, duk wanda mutumin nan ya cuta ya yi min magana ta inbos mu haɗa shaidun waje ɗaya.