Kan sarki mai hoton kayan mutanen da: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya fara tara kan sarki mai hoton kogunan mutanen da, ko ƙoƙon kan kakannin ɗan Adam, ko gumakan da aka tono daga ƙasa, abu na farko da zai dame shi shi ne yawan kayan. Ka rubuta kalma ɗaya a intanet, shafuka su yi ta zubowa, kowane mai sayarwa yana rantsuwa cewa nasa ne ba a samu. Ni dai na daɗe da tsayar da ma'auni ɗaya, kuma sai da na sha wuya na kai gare shi: ina sayen kan sarkin da ƙasar da ke riƙe da abin tarihin ta buga da kanta, ta kuma sayar da shi a gidajen wayarta har mutane suka manna a wasiƙa. In kogon yana Faransa, to na Faransa nake nema.

A kan wannan ma'aunin, wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne na kogon Lasko, wanda Faransa ta fitar a 1968 a kan faranka 1. Kogon yana kusa da garin Montinyak a yankin Dordony. Samari huɗu ne suka faɗa cikinsa a watan Satumba na 1940, suka tarar da shanu da dawakai da barewa a jikin dutse, zanen da ya kai shekara 17,000. An buɗe wa jama'a a 1948, amma numfashin dubban 'yan kallo da zafin jikinsu suka fara ɓata bangon, har gansakuka ta soma fitowa, sai aka rufe shi a 1963. Ka ga ke nan lokacin da kan sarkin ya fito, shekara biyar ke nan ba a barin jama'a su shiga, kuma kogon kwaikwayo da ake kai baƙi bai buɗe ba sai 1983. A tsakanin nan, wannan 'yar takardar tana cikin hanyoyin da talaka ke ganin abin da aka kulle.

Amma ba labarin kaɗai ya sa nake fifita shi ba, aikin hannun ne. Sassaƙa zanen aka yi a kan ƙarfe, layi bayan layi, kuma Claude Durrens ne ya yi aikin. A irin wannan bugu tawada tana shiga cikin ramukan da aka sassaƙa, sannan a danna takarda da ƙarfi ta ɗebo ta, don haka tawadar takan zauna a bisa takardar kamar ƙananan kunyoyi. Ka karkata shi gaban fitila za ka ga layukan sun taso. Ka ɗora gilashin ƙara girma a kan wuyan saniyar, abin da kake zaton launin jan ƙasa ne kawai sai ya wargaje ya zama ɗaruruwan layuka, wasu a gicciye, wasu a jere, inda suka cunkushe nan ne duhu, inda suka buɗe nan ne hasken dutse. Mutanen kogon sun bi tudu da kwarin bango suka ba dabbobinsu jiki, mai sassaƙar kuma ya bi su da bakin ƙarfensa. Ga shi babba ne, cikin jerin manyan kan sarki na zane-zane da Faransa ta fara a 1961. Ga kuma abin da ya fi muhimmanci ga mai saye: an buga shi da yawa ƙwarai, ba shi da tsada, kuma irin bugunsa ba ya kwaikwayuwa da injin ofis. Ɗan damfara ba zai ɓata lokacinsa a kan abin da wahalarsa ta fi ribarsa ba.

Wanda ke bi masa a wajena shi ne na Aljeriya, jerin zanen duwatsun Tasili Najjar na 1966 da 1967. Makiyaya ne da shanunsu da maharba, daga zamanin da Sahara ke da ciyawa da ruwa. Duniya ta san zanen sosai bayan tafiyar da mai bincike Henri Lhote ya yi zuwa wurin daga 1956 zuwa 1957, UNESCO kuma ta sa wurin cikin kayan gadon duniya a 1982. In za ka saya, ka nemi jerin a cike. Masu sayarwa suna son su cire mai babban ƙima su sayar da shi daban, su bar ka da neman guda ɗaya shekara da shekaru.

Sai na Tanzaniya na 1965 mai shilin 1 da santi 30, wanda ke ɗauke da ƙoƙon kan da Mary Leakey ta tono a kwazazzabon Olduvai a 1959, wanda aka fara kira Zinjanturofus. Ba shi da wani kyan gani, gaskiya. Darajarsa ita ce yana cikin jerin yau da kullum, wato an yi ta manna shi a wasiƙu, don haka za ka iya samun sa a jikin ambulan na gaske da hatimin gidan waya da kwanan wata. Ni na fi son irin wannan a kan sabo fil. Mai son bin wannan layin sai ya haɗa da na Chadi na 1966 da na Habasha na 1986 mai ƙasusuwan Lusi, ɗaya daga kakannin ɗan Adam, wadda aka samo a Hadar a 1974.

Sauran kuwa ba sai na daɗe ba. Jerin Sifen na 1967, guda goma masu zanen kogo har da ɓaunan Altamira, yana da arha kuma ya dace da mai farawa, sai dai kusa da na Lasko kamar hoton jarida yake. Na Ostiriya na 2008, mai gunkin macen Wilendof da ke juyawa in ka karkata shi, abin wasa ne mai kauri, ya fi kama da katin roba. Jerin Birtaniya na 2017 mai guda takwas, da ƙauyen dutse na Skara Brae da garkuwar Battersea, an yi shi da tsafta, amma ya yi mini sabunta da yawa. Na Kuba na 1967 hotunan mutanen da ne yadda mai zane ya ƙiyasta su, ba abin da aka tono ba. Na Masar na 1867 mai dala da gunkin Abul Haul kuwa, kyakkyawa ne kuma tsoho, amma kada sabon shiga ya taɓa shi ba tare da takardar shaidar ƙwararre ba, don jabunsa sun daɗe suna yawo.

To, ga inda aka cuce ni. A shekarata ta biyu da fara tarawa, na ci karo da wani mai sayarwa a intanet da ke da faifai-faifai masu sheƙi, kowanne da kan sarki shida ko tara: mutumin kogo riƙe da mashi, mace tana hura wuta, gatarin dutse, komai da komai. Sunan wata ƙasa yana rubuce a sama, da ƙimar kuɗi, da shekara. Na sayi goma sha biyu. Da suka iso na baje su a tebur ina murna, sai na lura a gefen faifai ɗaya an zana wani ƙaton dainaso a bayan mai mashin, alhali waɗannan dabbobin sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, ba su taɓa haɗa ido da mutum ba. A ɗaya kusurwar kuma ga tambarin 'yan sikawut, wanda ba abin da ya haɗa shi da zamanin dutse. An liƙa shi ne don a kama masu tara kan sarkin sikawut su ma. Na duba kundi, wato littafin da ke jera kan sarkin da kowace ƙasa ta fitar, babu su. Gidan wayar ƙasar da aka ari sunanta ba ta san da zamansu ba. Na rubuta wa mutumin, ya amsa sau ɗaya cewa "bugu na musamman" ne, daga nan ko gaisuwa.

Irin waɗannan suna da yawa fiye da yadda kake zato, kuma mutanen kogo da dainaso na cikin abin da masu buga su suka fi so, don sun san akwai masu nema. Sukan ari sunan ƙasar da ke cikin yaƙi, ko wani yanki na Rasha da ba shi da ikon buga kan sarki nasa, ko wani tsibiri da ba kowa a kai. Ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, takan aika takardun gargaɗi in wata ƙasa ta kai ƙara, kuma tun 2002 akwai tsarin WNS inda ƙasashe ke rajistar abin da suka fitar da gaske, kowanne da lambarsa. Ka duba can kafin ka biya. Sai dai ba kowace ƙasa ke rajista ba, don haka rashin ganin abu a can ba ya nufin jabu ne, yana nufin ka koma ga kundi: Stanley Gibbons na Ingila, Michel na Jamus, Yvert na Faransa ko Scott na Amurka. Ka tambayi mai sayarwa lambar kundi. In ya fara kame-kame, ka kama gabanka.

Akwai kuma na tsakiya, waɗanda ba haramtattu ba ne amma ba su da wani amfani. Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa 1972 an buga tulin kan sarki da sunan ƙananan masarautun Larabawa irin su Ajman da Fujaira, har da Manama, wani yanki na Ajman, yawancinsu ba su taɓa ganin jakar ɗan aike ba, kuma wasu kundaye sun ƙi lissafa su ko sun tura su can baya. Har yau akwai ƙasashen da ke ba wani kamfani na waje kwangila ya yi ta buga ɗaruruwa a shekara da sunansu. In hoton ya burge ka, saya, amma a farashin hoto.

Ko a kan na gaske ma sai ka buɗe ido, musamman a baya. Idan ka ga an rubuta MNH, ana nufin sabo ne, gam ɗinsa bai taɓu ba, ba a taɓa liƙa shi a littafi ba. Saboda wannan ya fi tsada, wasu sukan wanke tsohon su shafa masa sabon gam. Ka duba bakin haƙoran da ke gefen kan sarkin da gilashi: a na asali, ƙarshen kowane haƙori yana da 'yan zaruruwan takarda masu laushi, don an shafa gam kafin a huda. A wanda aka sake wa gam, haƙoran sukan yi tauri suna ƙyalli. Haka kuma in ka ga hatimi tsaf-tsaf a kusurwa, kamar an auna, amma baya da gam cikakke, wannan ba wasiƙar da ya taɓa ɗauka, a ɗakin bugu aka doka masa hatimin don a sayar wa masu tarawa da rahusa. Ɗigon tsatsa mai ruwan ƙasa a jikin takarda kuwa alamar danshi ne, kuma yana iya bin sauran da ke kusa da shi, ko kyauta aka ba ka kada ka haɗa shi da masu lafiya.

Kada ka saya sai an nuna maka hoton gaba da baya na ainihin wanda za a aiko, a kan baƙin shimfiɗa don haƙoran su fito. Ka tanadi gilashi mai ƙara girma sau goma, da hantsaki mai faffaɗan baki don kada maiƙon yatsa ya taɓa takardar. In na Lasko ka fara saye, wanda shi nake ba kowa shawara, ka sa gilashin a kansa tun kafin ka cire shi daga ledarsa. Layuka za ka gani. In ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo masu launi huɗu a jere, ka mayar wa mai shi.