Na gwada na'urar Aranet4 a ajina, ga abin da na gani

Jama'a ni malama ce, kuma wallahi na daɗe ina ɗora wa yarana laifin kasala, da an shiga darasi na uku sai hamma ta ko'ina, wasu sun kifa kai a tebur, ni ma kaina na ta sarawa. Wata abokiyar aikina ce ta ce in gwada wannan 'yar na'urar.

Wani kamfani ne a Latbiya yake yin ta, ba ta kai tafin hannu ba, batir AA guda 2 take ci. Aikinta auna iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, wato CO2, tana kuma nuna zafi da laimar ɗaki. Da lamba da launi take nuna yawan CO2 ɗin: a waje lambar na kusan 420, ƙasa da 1,000 kore ne, ta wuce 1,400 sai ja.

To ranar farko lokacin sanyi ne, hita a kunne tagogi a rufe ruf, ai kafin a fita tara ja ya fito! Jikina ya yi sanyi gaskiya, don ashe iskar da yaran nan suka fitar ita suke ta sake shaƙa. Abin da ban taɓa lura ba shi ne hita da irin esin da ake mannawa a bango duk ba sa shigo da sabuwar iska, ta ɗakin kawai suke ɗumamawa ko sanyayawa su yi ta juya ta. Na buɗe taga ɗaya da ƙofar da ke kallonta, cikin 'yan mintuna lambar ta fara sauka a kan idonmu. Ashe shi ya sa gwamnatin Ingila ta raba wa makarantu irin waɗannan na'urori a 2021 lokacin korona.

Amma fa a sani, aunawa kawai take yi, ba ta gyara iska, kuma ba ta ganin ƙura ko hayaƙi. Kar a ajiye ta gindin taga ko kusa da bakin yara, lambar ba za ta fito daidai ba.

Yanzu kullum akwai yaron da ke lura da ita, da ta bar kore sai ka ji "Malama a buɗe taga!" Na kwashi bayanan da ta tara a wayata ta Bluetooth na kai wa shugaban makaranta, ina roƙon a sa mana fankar da ke zuƙe iska ta fitar waje, don ranar da sanyi ya tsananta ba ma iya barin taga a buɗe.