Manhajar auna macizai: ta iya rubutu, ba ta iya duba ba

Kusan shekara huɗu ke nan ina amfani da wata manhajar waya da aka yi domin masu kiwon macizai. Na ƙi cewa komai a kanta sai yanzu, domin ina jira ɗaya daga cikin matan macizaina ta yi ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe, in ga ko abin da manhajar ta yi ta faɗa mini yana da tushe. Macizai bakwai gare ni. Biyar irin ƙaramar mesar nan ce da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. Sauran biyun macijin masara ne na Amurka.

Aiki biyu manhajar ta ce za ta yi. Na farko ta riƙe maka lissafi: nauyin kowane maciji, ranar da ya ci, abin da ya ci, ranar da ya ƙi, ranar da ya yi saɓa. Na biyu ta duba wannan lissafi ta gaya maka watan da macijiyarka za ta kai nauyin barbara. Saboda na biyun na ɗauke ta, amma na farkon ne ya sa har yau ban goge ta ba.

Wajen lissafi ba ni da ƙorafi mai yawa. Da can a littafi nake rubutawa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe maciji da hannu ɗaya yana laluben biro da ɗaya ya san yadda shafin ke ƙarewa. Yanzu sai in ɗora roba a kan sikeli, in mayar da shi sifiri, in sa macijin, in danna lamba, shi ke nan. Tana kuma tuna mini kada in taɓa wanda ya ci sai bayan awa 48, don kada ya amayar da abincin. Abu ɗaya da ke ba ni haushi shi ne ba ta karɓar ƙasa da giram guda. Ga mesa wannan ba komai ba ne, amma ɗan macijin masara da ya fito daga ƙwai da giram 7, rabin giram labari ne.

To, ga maganar hasashe.

Akwai wata mesa da nake kira Kunya, saboda ba ta fitowa daga maɓoyarta sai an kashe fitila. Ta zo hannuna tana da wata 2, nauyinta giram 90. A wata 12 ta kai 520, a wata 18 ta kai 900. Masu kiwon irin wannan mesa sun saba jiran mace ta kai giram 1,500 kuma ta kusa shekara uku kafin su haɗa ta da namiji, shi kuwa namijin giram 600 zuwa 700 ya ishe shi. Na shigar da 1,500 a matsayin abin da nake nema. Manhajar ta duba awo ukun ƙarshe, ta ga Kunya na ƙara kamar giram 70 kowane wata, sai ta ja layi miƙaƙƙe ta ce mini a wata na 27 za a kai. Har na fara tunanin namijin da zan haɗa ta da shi.

A wata na 20 Kunya ta rufe baki. Wata huɗu cur ba ta ci ɓera ko ɗaya ba. Wanda ya san wannan mesa ya san halinta ne, musamman idan ta tasa ta kusa balaga, kuma muddin nauyi bai zube sosai ba, ba abin tashin hankali ba ne. Giram 40 kawai ta rage. Amma manhajar ta rikice. Da farko ta ɗaga ranar zuwa shekara 11 nan gaba, daga baya ta cire ranar gaba ɗaya ta sa jan rubutu. Da Kunya ta koma ci, ta yi ci biyu masu kyau, sai ga ranar ta dawo kusa kamar ba abin da ya faru. A ƙarshe sai a wata na 38 ta taka 1,500. Kuskuren wata 11.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Maciji ba ya girma a kan layi miƙaƙƙe. Shekarar farko yana tashi da sauri, sannan girman ya riƙa lafawa yayin da ya doshi girman manya. Masana halittu sun daɗe da sanin wannan lanƙwasa, akwai ma lissafin da ake jingina wa Ludwig von Bertalanffy wanda ake amfani da shi wajen kifi da dabbobi masu rarrafe. Manhajar da ta ɗauki saurin ƙuruciya ta shimfiɗa shi har zuwa balaga dole ta yi maka albishir da wuri. Ga kuma hayaniyar da ke cikin awon kansa. Babbar mesa na iya riƙe kashi makonni, ranar da ta sauke sai ka ga giram 80 ko fiye sun tafi. Babu wurin da za ka nuna wa manhajar cewa wannan awo kafin kashi ne, wancan bayansa. Ni dai na koma auna su sau ɗaya a wata, bayan sun yi kashi kuma kafin in ba su abinci, sai layin ya daina tsalle-tsalle.

Wannan duk abin dariya ne idan aka kwatanta da labarin Hadama, wadda sunanta ya isa bayani. Ita ba ta taɓa ƙin ɓera ba. Manhajar na da wani ɓangare da ke nuna maka yadda ranar barbara za ta matso idan ka ƙara yawan ciyarwa, ni kuma, ba zan ɓoye ba, na biye mata. Ganin rana na matsowa yana da daɗi. A wata na 22 Hadama ta haura 1,500, sunanta ya koma kore, wato ta shirya. Sai dai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Da na dube ta da kyau, gadon bayanta ya lotsa tsakanin tsoka biyu, fata na leƙowa tsakanin ɓawon jikinta, idan ta lanƙwasa sai ka ga ninki, kusa da wutsiya kuma ta yi kumburin kitse. Gajera ce mai taiɓa, ba ta kai tsawon Kunya ba. Likitan dabbobin da ya duba ta bai yi dogon bayani ba, ya ce a rage mata abinci, a manta da maganar namiji a wannan shekara. Macen da aka tura ta kai nauyi da kitse tun ba ta gama girma ba, tana iya zubo baragurbi, ko ƙwai ya maƙale mata, kuma kitsen kansa yana lalata hanta. Laifin nawa ne, ni na riƙa miƙa ɓeran. Amma manhajar da aka yi domin masu shirin barbara bai kamata ta kunna kore da nauyi kaɗai ba, alhali ranar haihuwar macijiyar na rubuce a cikinta. Ko tsawo ba ta tambaya.

Inda ta biya ni wahalata shi ne bayan an haɗa Kunya da namiji. A nan kwanaki ne ke aiki, kuma ƙidayar kwana ba ta gagare ta. Da na shigar da ranar saɓar da mace ke yi kafin ta yi ƙwai, ta ƙirga mini kwana 30, Kunya ta sauke ƙwai 6 a rana ta 32. Ta sake ƙirga kwana 55 zuwa 60 na zama a injin ƙyanƙyasa a kan zafin digiri 31 zuwa 32, na farko ya tsaga ƙwansa a rana ta 57. Biyar suka fito, ɗaya bai yi ba.

Tsohon lissafin ma ya yi mini rana. Kafin ƙwai Kunya na da giram 1,720, bayan ta sauke ta koma 1,160, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Da babu lambar farko a rubuce, da zan riƙa kirdadon ko ta murmure. Yanzu wata biyar da yin ƙwan, tana 1,430. Manhajar ta riga ta ja layinta ta ce nan da wata biyu za ta sake shiryawa. Na shiga saituna na kashe ɓangaren hasashen, na bar na awo da na ƙidayar kwana. Kunya za ta huta shekara guda, Hadama kuma an mayar da ita kan ɓera ɗaya duk mako uku, ta rage giram 110, gadon bayanta ya fara fitowa.